Me ya sa muke sallama sirrinmu a waya don neman sauƙi?

Ɗan Yelwa (Garwa):

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da nake so masu sani su warware mini. Mutanenmu suna da tsare sirri ƙwarai. Magidanci ba ya faɗa wa maƙwabci nawa ne a aljihunsa, ba ya ma kiran sunan matarsa a gaban baƙi. Amma shi ɗin dai ne zai miƙa wayarsa a buɗe ga yaron rumfa a kasuwa ya haɗa masa WhatsApp, ya karanta wa mai kiyos lambar sirrinsa ta asusun kuɗin waya na Orange Money da ƙarfi mutane na ji, kuma duk abin da manhaja ta nema ya danna mata ba tare da ya duba ba.

Shin rashin sani ne, ko an sani ne aka ga sauƙin ya fi? Wa ya fi cancanta a ji tsoronsa, manyan kamfanonin da ke Amurka ko mutumin da ke kusa da kai? Kuma me za a iya gyarawa ba tare da an ce wa mutane su ajiye waya ba? Don wannan kam ba mai yiwuwa ba ne, ciniki da zumunci duk sun koma cikinta.

Mai Gyaran Waya (Marwa):

Wa alaikumus salam. Malam, yawancin sirrin da ake rasawa a ranar farko ake rasa shi, a ɗan lokacin da ake haɗa sabuwar waya, tun mai ita bai aika saƙo ko ɗaya ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya sayi Tecno ko Itel ko Infinix. Da an kunna ta, da Faransanci ko Turanci take magana, shi kuwa ƙarfin karatunsa a allo da ajami yake. Wayar ta ce sai an sa asusun Google kafin Play Store ya buɗe. Motar Mokolo ko ta Mora tana shirin tashi. To sai ya ba yaron rumfa 'yan sefa ya ce haɗa mini. Yaron zai buɗe Gmail da sunan da ya zo masa a baki, ya sa kalmar sirri mai sauƙi, galibi lambar wayar ce ko suna da 1234 a ƙarshe. Wurin lambar ceto kuma sau da yawa tasa yake sawa, don kod ɗin ya shigo hannunsa ya gama da wuri. Ba lallai da mugun nufi ba, layi ne a gabansa. Mai waya ya tafi bai san sunan asusunsa ba balle kalmar sirrinsa.

Wannan asusun shi ne ke riƙe da lambobin mutanen da ka adana, da hotunanka in an kunna ajiyar Google Photos, da kwafin hirarrakinka na WhatsApp da ke Google Drive, har da inda wayar take a taswira. Wanda ya san kalmar sirrin zai iya shiga daga wata waya ya ga lambobin da hotunan da wurin da kake, kai kana gida ba ka da labari.

Matsala ta biyu tana fitowa ne ranar da wayar ta rikice aka goge ta gaba ɗaya. Tun daga Android 5.1 akwai makullin da ke sa wayar da aka goge ta nemi tsohon asusun Google kafin ta buɗe. Don hana ɓarayi aka yi shi, amma wanda ya fi kamawa a wajenmu shi ne mai wayar da bai san asusunsa ba. Sai ya biya a fasa makullin, a buɗe masa wani sabon asusu, tsohon kuma yana can da duk kayansa a hannun wanda ya buɗe shi.

Sai maganar manhajoji. Mega tana da tsada, rezo a ƙauye ba ƙarfi, wayar kuma giga 16 ko 32 ce kawai. Saboda haka ba kowa ke sauke manhaja daga Play Store ba, ta Xender ake tura wa juna. Fayil ɗin da ya bi waya goma kafin ya iso taka, ba ka da hanyar sanin ko wani ya cusa masa wani abu. Nan ne GB WhatsApp da ire-irensa suke samun shiga. Abin da mutane ke so a cikinsu a fili yake: ganin saƙon da aka goge, karanta saƙo ba tare da mai shi ya sani ba, layi biyu a waya ɗaya. Amma ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba wanda ya san hannun da saƙonka ke bi, kuma kamfanin yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su. Wanda layi biyu ne ya kai shi can ya sani cewa tun 2023 WhatsApp na asali yana ɗaukar asusu biyu a wayar Android ɗaya.

Izini uku ne suka fi haɗari, kuma su aka fi dannawa ido rufe. Izinin karanta SMS, don ta nan kod ɗin banki da na WhatsApp suke shigowa. Izinin karanta sanarwar da ke saukowa a saman allo, don shi ma yana nuna kod ɗin. Sai wanda wayar ke kira Accessibilité, wanda aka yi domin makafi da masu lalurar hannu: manhajar da ta samu wannan tana ganin abin da ke allonka, tana iya danna maɓalli a madadinka. Tocila ko manhajar da ta ce tana share datti ko sanyaya batir ba ta da abin yi da ko ɗaya daga cikinsu. Mutum yana dannawa ne saboda in ya ƙi, manhajar ta ƙi buɗewa nan take a gaban idonsa, ita kuwa cutar sai bayan watanni take fitowa, kuma ko ta fito ba zai danganta ta da dannawar ranar ba. Ni ban kira wannan sakaci ba. An tsara abin ne yadda "na yarda" zai zama dannawa ɗaya, "ban yarda ba" kuma ya zama shafi huɗu da harshen da ba naka ba.

Hajiya Mai Kiyos (Kusiri):

Ƙanena Ɗan Yelwa, bayanin mai gyara ya yi daidai, amma inda kuɗi ke fita da gaske shi ne layi da lambar sirri, ba hotuna ba.

A duba yadda cire kuɗi yake a MoMo na kamfanin MTN ko Orange Money. Mai kiyos ne ke fara aikin daga wayarsa, saƙo ya shigo wayarka, kai kuma ka tabbatar da lambar sirrinka. An raba aikin biyu ne da gangan don kada mutum ɗaya ya riƙe duka. Amma tsoho ko tsohuwar da ba ta ganin ƙananan rubutu, ko wanda yake tsoron ya danna ba daidai ba kuɗinsa su tafi, sai ya miƙa wayar ya faɗi lambar a danna masa. A take rabon nan ya rushe. Lambar ma huɗu ce ko biyar, kuma da yawa shekarar haihuwarsu suke sawa, wadda ke rubuce a katin ɗan ƙasan da yake cikin jaka ɗaya da wayar. Wanda ya tsinci jakar ya samu duka.

'Yan damfara sun san wannan tsarin sarai. Za su turo saƙo mai kama da na kamfani cewa an sa maka kuɗi, su kira suna roƙo wai kuskure ne a taimaka a mayar. Ko su ce daga ofishin kamfani suke, za a rufe layinka in ba a sabunta shi ba, danna kaza ka sa lambarka. Abin da kake tabbatarwa a lokacin nan, cire kuɗi ne da suka fara daga can. Galibi ana gane saƙon ƙarya da cewa daga lambar waya ta mutum yake zuwa, ba da sunan kamfani ba. Kafin a mayar wa kowa ko sefa ɗaya, a danna *126# a MTN ko #150# a Orange a duba abin da ke asusun da kai. Kuma karɓar kuɗi ba ya bukatar lambar sirri, fitar da su ne ke bukata. Abin da ke sa a yarda da su shi ne suna kiran mutum da cikakken sunansa. Sunan ba wuyar samu gare shi ba, da an fara tura kuɗi zuwa wata lamba sunan mai ita yake fitowa kafin a tabbatar, ga kuma fotokwafin katin ɗan ƙasa da ake bari ko'ina.

Maganar fotokwafin nan a riƙe ta da kyau. Dokar Kamaru ta 2015 ta ce kowane layi sai an yi masa rajista da katin shaida, kuma mutum ɗaya ba ya wuce layi uku a kamfani ɗaya. Wanda katinsa ya ɓata ko ya ƙare ko bai fito ba tukuna, hanya mafi sauƙi a gare shi ita ce ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista a bakin titi, ko ɗan'uwa ya yi masa da nasa katin. Mata da yawa layinsu da sunan miji ko ƙane yake. Lafiya lau ake tafiya har ranar da layin ya ɓata ko ya lalace. A ajans ba za su sabunta shi ba sai ga mai sunan da katinsa a hannu, kuɗin da ke ciki ma a wajen kamfani nasa ne. In an rabu, ko ya rasu, ko ya yi tafiya, an shiga wahala. Ta ɗaya ɓangaren kuma, in an yi laifi da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofarka jandarma za su fara bugawa. Duk fotokwafin da za a bayar, a rubuta a kansa da biro dalilin bayarwa da kwanan wata, rubutun ya ratsa ta kan katin yadda ba za a yanke shi ba.

Mu da ke bakin iyaka akwai ƙari. Mai tsallaka gadar Ngeli kullum yana riƙe da layin Kamaru da na Cadi, wani ya kwana biyu ba a sa masa kredi ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana karɓe shi ya sayar wa wani. In Facebook ɗinka ko Gmail a kan wannan lambar suke, sabon mai layin ne zai riƙa samun kod ɗinka. Kafin a bar layi ya mutu, a cire kuɗin ciki, a sauya lambar a cikin WhatsApp ta wurin da aka tanada don sauya lamba, a sauya ta a sauran asusun ma.

Malamin Kwamfuta (Njamena):

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yarda na kusa shi ya fi saurin cutarwa. Sai dai kada mu wanke na nesa, don shi ne ya gina rumfar da ake wannan cinikin a ciki.

Facebook da Google da TikTok ba sa karɓar kuɗi a hannunka saboda talla ce abincinsu, talla kuwa tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014, tun 2016 yake kulle saƙonni yadda kamfanin kansa ba ya karanta abin da ka rubuta. Wannan gaskiya ne. Amma lambarka, da irin wayarka, da lokutan da kake shiga, da rukunonin da kake ciki, da lambobin da ke wayarka in ka ba shi izini, duk yana da su. A farkon 2021 da ya sauya sharuɗɗansa, mutane da yawa sun sauke Signal da Telegram, ba a jima ba akasari suka dawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: dillalin shanunka, da rukunin iyayen yara na makaranta, da 'yan'uwanka da ke Kano ko Makka, duk suna WhatsApp. Wanda ya fita shi kaɗai ya rasa ciniki, bai tsira da komai ba, tunda lambarsa da sunansa suna cikin wayoyin mutum ɗari da ba su fita ba. Haka manhajojin nuna sunan mai kira suke samun sunan wanda bai taɓa sauke su ba. Wannan ne amsar tambayarka ta farko, Malam: sau da yawa mutum bai zaɓa ba, jama'arsa ce ta riga ta zaɓa masa.

Abin da aka tara kuma yana iya zubewa. A 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet, da sunaye da lambobin waya. Kalmar sirri ana sauya ta cikin minti ɗaya, amma lambar da abokan cinikinka suka sani shekara goma ba a sauya ta haka.

A nan Cadi muna da namu darasin. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook da sauransu. Kowa ya koyi VPN a lokacin, wato manhajar da ke zagaye toshewar, kuma na kyauta aka sauke don shi ake iya samu. Har yau yana cikin wayoyi da yawa. VPN yana ɓoye wa Airtel ko Moov shafin da kake shiga, amma yana nuna wa mai VPN ɗin. Ba ya karanta saƙon WhatsApp ko abin da ke cikin shafi mai kulle, amma yana ganin inda ka je da lokacin da ka je, kuma injinan da yake gudanarwa kuɗi suke ci, dole ta wani wuri yake mayarwa. Ba na zargin wanda ya sauke shi don ya ji muryar ɗansa da ke karatu a waje. Amma in bukatar ta wuce a cire shi, kuma VPN ɗin da ya nemi lambobin mutane ko SMS a goge shi a take.

Manhajojin bashi su ne mafi muni. Suna ba da kuɗi cikin minti kaɗan ba jingina, saboda jinginar ita ce lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara za su aika wa surukinka da limamin unguwa cewa kai macuci ne. Abin ya yi ƙamari a Najeriya har hukuma ta shiga, kuma daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji a Play Store taɓa lambobi da hotuna. Wadda aka turo maka ta mahaɗi a WhatsApp wannan hani bai shafe ta ba.

Doka akwai. Cadi tana da dokar kare bayanan mutum tun 2015, hukumar ANSICE ce ke kula da ita. Kamaru ta yi dokar laifukan intanet a Disamba 2010, hukumar ANTIC na aiki a kanta, sannan ta kafa dokar kare bayanan mutum a Disamba 2024. Suna da amfani wajen kai ƙara da kama kamfanonin cikin gida. Amma manomi a Yaguwa ba zai kai kamfanin da ke Kaliforniya kotu ba, don haka gyaran da ke hannunmu a cikin wayar yake.

Ɗan Yelwa (Garwa):

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To in dattijo ne da ba ya karanta Faransanci, kuma dole wani zai taimaka masa, da me za a fara? Don in aka jero masa abu ashirin ba zai yi ko ɗaya ba.

Mai Gyaran Waya (Marwa):

Kada a hana shi neman taimako, a dai zaɓi mai taimakon. Mutum ɗaya amintacce na cikin gida, su zauna tare sau ɗaya, rabin awa ya isa.

A fara da asusun Google. A duba sunansa a cikin Paramètres, wato saitin waya, a sauya kalmar sirri, a cire lambar ceton da ba tasa ba a sa tasa. In ba a san tsohuwar kalmar ba kuma ba a iya ceto ta, a kwafe lambobin mutane, a buɗe sabon asusu, a cire tsohon daga wayar tun tana buɗe, kada a jira sai an goge ta. A rubuta sunan asusun da kalmar a takarda, da ajami ma ya yi, a ajiye inda ake ajiye takardun gida, ba a bayan murfin waya ba.

Sai WhatsApp. A cikin Compte akwai Vérification en deux étapes, a sa lamba shida da zai iya tunawa. Amfaninta shi ne ko an yaudare shi ya faɗi kod ɗin da ya shigo ta SMS, ɓarawon ba zai shiga ba sai da ita. In kuwa ɓarawon ne ya riga shi sawa, sai mai asusun ya jira kwana bakwai kafin ya karɓe asusunsa. Daga nan a buɗe Appareils connectés. WhatsApp yana barin a haɗa har na'ura huɗu da asusu ɗaya, kuma wanda ya riƙe wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa tasa ya riƙa karanta komai. Duk wadda ba a gane ba a fitar da ita. A sake dubawa duk lokacin da wayar ta dawo daga wurin caji ko wurin gyara.

Shi kansa layin a sa masa makulli, don in an sace waya ba buɗe ta ɓarawo yake yi ba, zare sim yake ya sa a wata ya karɓi kod. A kula a nan: in aka yi kuskuren lambar sau uku sim ɗin zai kulle ya nemi PUK, lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, in aka yi kuskuren PUK sau goma sim ɗin ya mutu. Saboda haka a nemo katin kafin a fara. A danna *#06# a rubuta lamba 15 da za ta fito, wato lambar shaidar wayar, ita ake nema a komisariya in an kai ƙarar sata.

Lambar sirrin kuɗi kuma ya sauya ta da hannunsa, ya yi ta maimaita dannawa a gida har yatsansa ya saba, don a kiyos ya karɓi wayarsa ya danna da kansa. In rubutun ne ba ya gani, a ƙara girmansa a saitin allo. In zai kai waya gyara, ya zare sim da katin memori ya riƙe a aljihu. Canjin gilashi ko batir ko bakin caji ba ya bukatar lambar buɗe waya, in za a gwada bayan an gama, ya buɗe da kansa a gwada a gabansa.